TARIHIN ƊALIBAI KIRISTOCI BAƘI A POTISKUM DA KEWAYE A SHEKARUN TASHIN HANKALI



A cikin jerin rubuce-rubucen da muke kawowa kan tarihin garinmu, yau za mu waiwayi wasu mutane da ba kasafai muke ambatonsu ba idan ana labarin shekarun da muka sha wuya. Su ne ɗalibai Kiristoci da suka baro garuruwansu, daga Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna da Taraba da Adamawa da Kudancin Borno da jihohin Kudu, suka zo karatu Potiskum da sauran makarantun jihar Yobe, rikici ya rutsa da su a nan. Yaro a cikinsu yana ɗauke da kaya uku a lokaci guda: baƙo ne, ɗalibi ne a lokacin da ake farautar 'yan makarantar boko, kuma Kirista ne a lokacin da ake kai wa coci hari. Labarinsu wani yanki ne na tarihin garin nan, kuma akwai abin da yake koya mana game da namu 'ya'yan da muke turawa karatu ƙasashen waje.

GARIN DA BAƘI SUKA RAYA

Kowa ya san Potiskum mahaɗar hanyoyi ce. Mai zuwa daga Kano ta Azare, da mai zuwa daga Jos da Bauchi ta Darazo, da mai zuwa daga Gombe, duk a nan suke haɗuwa kafin su miƙa Damaturu da Maiduguri ko su yi arewa zuwa Gashuwa. Tun da aka dawo da fadar Masarautar Fika nan a 1924 garin yake ƙara cika, Ngizimawa da Karekare da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa da Barebari, kowa da unguwarsa da sana'arsa. Da aka ƙirƙiro jihar Yobe ranar 27 ga Agusta, 1991, Damaturu ta samu gidan gwamnati, kasuwanci kuwa ya ci gaba da zama a Potiskum.

Kasuwar shanunmu, wadda take ci ranar Laraba kuma ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, a kan baƙi take tsaye. Mai kawo shanu daga Nijar ko Chadi baƙo ne. Mai saye ya yi lodi zuwa Legas ko Anacha ko Fatakwal shi ma baƙo ne, kuma da yawa daga cikinsu Kiristoci ne. Abin da ya haɗa su shi ne fatoma da dillali. Fatoma ne yake saukar da baƙo, ya ba shi wurin kwana, ya adana masa kuɗinsa, ya tsaya masa idan ciniki ya rikice. A kara ba a tambayar mutum inda yake ibada kafin a karɓi amanarsa. Duk fatoman da baƙonsa ya wulaƙanta a hannunsa ya gama sana'a, domin labari zai riga shi isa Anacha. Mu riƙe wannan ƙa'ida ta fatoma, da ita za mu auna abin da ya biyo baya.

YADDA AKA YI SUKA ZO

Da farko ya kamata mu san cewa Kiristanci a wannan yanki ba na baƙi kaɗai ba ne. Tun zamanin Turawa mishan ɗin SIM ya kafa tasha a Kukar Gadu, kuma daga aikin wannan mishan ne cocin ECWA ta fito a 1954. Saboda haka akwai Kiristoci 'yan ƙasa cikin Karekare da Ngamo da Ngizimawa, waɗanda kakanninsu da namu suka yi noma a gona ɗaya. Harshen ibadar yawancinsu Hausa ne. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma har gobe yaron da ya zo daga Pankshin ko Zonkwa ko Biu zai shiga coci a Potiskum ya tarar ana wa'azi da waƙa da harshen da ya saba ji a gida.

Fita neman ilimi nesa da gida ma tsohon abu ne a wurin Kiristocin Arewa. Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko daga Arewa, daga Wusasa ta Zariya ya tashi ya je karatu Legas, daga nan ya wuce Birmingham a Ingila. Janar Yakubu Gowon, wanda iyayensa mutanen Filato ne, a Wusasa ya girma, ya yi karatu a Kwalejin Barewa tare da 'ya'yan sarakuna da malaman Musulunci. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, gwamnatinsa ta faɗaɗa makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kai, sannan ta kafa hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC a watan Mayun 1973. Manufar ita ce a ɗauko yaro daga wata jiha a kai shi wata, ya kwana ɗaki ɗaya da wanda ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, ko a samu ƙarni da ba zai sake ɗaukar makami a kan ɗan uwansa ba.

Da wannan manufa makarantar 'yan mata ta gwamnatin tarayya ta zo Potiskum, aka kafa wata kwalejin tarayya a Buni Yadi, sannan a ƙarshen shekarun 1980 aka samu Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Gwamnatin Tarayya a nan garin. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta zama matattarar ɗalibai daga ko'ina, kuma duk ɗalibin da ya taso daga Jos ko Kaduna zai je can sai ya ratsa ta garinmu, ya sha ruwa, ya ci abinci a tashoshinmu.

RAYUWARSU KAFIN RIKICI

Ɗalibi baƙo ba ya zuwa da dangi, saboda haka zumuntar ɗalibai ce danginsa. Ƙungiyar FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, ita ce ta fi yaɗuwa a makarantun Arewa, kamar yadda MSS da aka kafa a Legas a 1954 take a wurin ɗalibai Musulmi. 'Yan Katolika suna da tasu, masu yi wa ƙasa hidima su ma suna da tasu. Aikin waɗannan ƙungiyoyi bai tsaya ga addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki ba. Su ne masu tarbar sabon ɗalibi, su nuna masa inda ake samun ɗakin haya mai sauƙi, su haɗa masa kuɗin mota idan an yi masa rasuwa, su yi jinyarsa idan zazzaɓi ya kwantar da shi. A makarantun da ba su da ginin coci, aji ko ɗakin taro ake share wa ranar Lahadi, a jera benci, a yi sujada, a mayar da benci kafin Litinin.

Da yawa daga cikin mambobinmu sun ba irin waɗannan yara hayar ɗaki. Mun san su a wurin mai shayi da mai tsire, mun san su a kasuwa suna tayin gero da wake da Hausarsu ta Jos. Lokacin azumi ana aika musu da kunu da ƙosai, ranar Babbar Sallah da nama, su kuma wanda bai tafi gida Kirsimeti ba ya aiko da shinkafa da cincin. Waɗanda suka gama kwaleji ko suka zo hidimar ƙasa su ne suka cike giɓin malaman lissafi da kimiyya da Turanci a makarantunmu. Ba mu ce babu saɓani ko kaɗan ba, zo mu zauna zo mu saɓa ne. Amma uba a Binuwai yana iya sa 'yarsa a mota zuwa Potiskum ya koma gida ya yi barci.

SHEKARUN DA ABUBUWA SUKA JUYA

A ƙarshen watan Yulin 2009, lokacin da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Bauchi da Maiduguri, Potiskum na cikin garuruwan da aka kai wa ofishin 'yan sanda hari. Bayan haka an ɗan samu lafawa, har zuwa Juma'a 4 ga Nuwamba, 2011, ana gab da Babbar Sallah, da aka afka wa Damaturu. An kai hari kan ofisoshin jami'an tsaro, aka ƙona coci-coci a unguwar Jerusalem, mutum fiye da 100 suka rasu. Ranar 31 ga Disamba, 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a wasu ƙananan hukumomi, har da Potiskum. Jim kaɗan bayan haka mai magana da yawun ƙungiyar ya ba 'yan Kudu da ke zaune a Arewa wa'adin kwana uku su tashi. A cikin wannan wata na Janairun 2012 aka harbe wasu matafiya Kiristoci a wani gidan mai a nan garin. Tashoshin mota suka cika da katifu da akwatuna. Ɗalibin da ya rage masa zango ɗaya ya gama karatu ya shiga tsaka mai wuya: ya tafi ya yi asarar shekara uku da kuɗin da iyayensa suka tara da gumi, ko ya zauna yana jiran abin da Allah zai yi.

Akwai mako ɗaya a 2012 da ya kamata kowannenmu ya riƙe. Ranar Lahadi 29 ga Afrilu, 'yan bindiga suka shiga tsohon mazaunin Jami'ar Bayero a Kano, suka jefa bama-bamai suka buɗe wuta kan ɗalibai da malamai Kiristoci da ke ibada a wuraren da jami'a ta ba su. Aƙalla mutum 15 suka mutu, cikinsu har da farfesoshi biyu. Kwana uku bayan haka, daren Laraba 2 ga Mayu, aka afka wa kasuwar shanunmu. Da ranar wasu 'yan fashi sun yi yunƙurin ƙwace kuɗin 'yan kasuwa, aka kama ɗaya aka kashe shi, da dare kuma 'yan bindiga suka dawo da abubuwan fashewa. Hukumomi sun ce mutum 34 aka kashe, mutanen gari da suka yi jana'iza sun ƙirga fiye da haka, ban da shanu da motocin da suka ƙone. Har yau ana ja-in-ja kan ko su wane ne suka aikata. Abin da babu ja a kansa shi ne, tsakanin Lahadi da Laraba an yi makoki a gidajen masu zuwa coci, an yi a gidajen dillalai da makiyaya. Abin da ya ci Doma bai bar Awe ba.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka ƙara. A farkon Oktoba aka bi ɗakunan kwanan ɗalibai na wajen makaranta a Mubi ta jihar Adamawa, ana kiran sunaye ana kashewa, mutum fiye da 20 suka mutu, akwai Kirista akwai Musulmi. A cikin wannan wata aka kwana biyu ana harbe-harbe da ƙone-ƙone a Potiskum, har da makarantu. Daren jajibirin Kirsimeti kuma aka shiga wani coci a ƙauyen Peri da ke kusa da mu, aka kashe mutum 6 har da fasto.

IBADA A ƘARƘASHIN DOKAR TA-ƁACI

Ranar 14 ga Mayu, 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a jihohin Borno da Yobe da Adamawa baki ɗaya, aka kuma katse layukan waya. Mu 'yan gari mun sha wuyar wannan, amma muna tare da iyalanmu. Ɗalibi baƙo kuwa sai ya yi makonni uwarsa ba ta ji muryarsa ba. Hanyar da ta rage ita ce ya rubuta 'yar takarda ya ba direban da zai fita jihar, ko shi da kansa ya shiga mota zuwa inda waya take kamawa a ƙasar Bauchi, ya ce yana nan da rai, ya juyo. An hana hawa babur, dokar hana fita tana farawa da wuri, shingayen sojoji a kowace kwana. Katin shaidar makaranta, wanda a da abin alfahari ne, ya koma abin da ake tunanin inda za a ɓoye shi. A shingen soja yana iya cetonka, a shingen 'yan bindiga yana iya jawo maka ajali, balle a ga sunanka ya nuna addininka.

Yadda suke ibada ma ya canja. An daina kwanan addu'a, an rage tsawon sujadar Lahadi, an mayar da tarukan yamma zuwa rana tsaka. Ana caje mutum a ƙofar coci, an hana shiga da jaka, an hana ajiye mota kusa da gini, matasa suna tsaye a waje suna gadi yayin da ake wa'azi a ciki. Mu ma haka masallatan Juma'armu suka koma, da na'urar caje da shingen hanya. Waɗanda ke zaune nesa da coci sukan haɗu su huɗu ko biyar a ɗakin ɗayansu, su yi karatu da addu'a a hankali ba tare da ganga ko amsa-kuwwa ba. Wasu sun tafi ba su dawo ba, kuma babu mai ganin laifinsu. Wasu sun zauna har suka karɓi takardar shaidarsu. Idan ka tambaye su abin da ya riƙe su, amsar ba ta wuce biyu: talaucin gida da bai ba su zaɓin sake farawa a wani wuri ba, da imaninsu cewa rai a hannun Allah yake.

A ɓangarenmu, an ga halin kirki an kuma ga akasinsa. Akwai masu gidajen haya da suka mayar da ɗalibansu cikin gida tare da iyalinsu a daren da gari ya rikice, akwai direbobin da suka fitar da su da asuba ba su karɓi ko kwabo ba, akwai waɗanda suka adana kayan wanda ya gudu har ya aiko aka ɗauka. Akwai kuma waɗanda tsoro ya sa suka ce wa ɗan haya ya nemi wani wuri, da waɗanda suka sayi kayan masu gudu a kan kuɗin da bai kai rabin darajarsu ba. Duka biyun sun faru a garin nan.

DA AKA JUYO KAN MAKARANTU

Daga tsakiyar 2013 makaranta ita kanta ta zama abin hari. Asabar 6 ga Yuli, 2013, kafin asuba, aka shiga makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo, 'yan kilomitoci daga nan, aka kashe mutum 42, yawancinsu ɗalibai. Gwamna Ibrahim Gaidam ya rufe makarantun sakandaren jihar, ya kuma koka cewa rashin waya ya hana mutane sanar da jami'an tsaro. Ba a daɗe ba aka dawo da layukan a Yobe. Ranar 29 ga Satumba aka kashe ɗalibai fiye da 40 suna barci a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba. Ranar 25 ga Fabrairu, 2014 aka afka wa kwalejin tarayya ta Buni Yadi, aka ƙone gine-ginenta, aka kashe yara maza. Da farko hukuma ta ce 29 ne, daga baya rahotanni suka kai adadin 59. Makarantar da aka gina don haɗa 'ya'yan ƙasa ce, kuma gawarwakin sun tafi gidajen Musulmi da na Kirista.

Bayan Buni Yadi gwamnatin tarayya ta rufe makarantun haɗin kai guda 5 a Arewa maso Gabas, har da ta Potiskum, aka rarraba ɗalibansu zuwa wasu jihohi. Hukumar NYSC ta ba waɗanda aka turo Yobe da Borno damar neman sauyin jiha, aka kuma yi shekaru ana yi musu horon sansani a wasu wurare. Wata biyu ba su cika ba aka sace 'yan mata 276 a Chibok ranar 14 ga Afrilu, 2014, mafi yawansu 'yan cocin EYN.

Garinmu bai huta ba. Ranar 3 ga Nuwamba, 2014 bam ya tashi a cikin muzaharar Ashura. Mako guda bayan haka, Litinin 10 ga wata, wani ya sa kayan makaranta ya shiga layin taron safe a makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ya tayar da bam, kusan mutum 47 suka rasu. A 2015 an kai hari kasuwar waya a Janairu, tashar Ɗan Borno a Fabrairu, Kwalejin Gudanarwa da Kasuwanci ranar 8 ga Mayu, sannan cocin Redeemed ranar Lahadi 5 ga Yuli, inda mutum 5 suka mutu. Duk wanda ya bi wannan jeri zai ga cewa yawancin waɗanda aka kashe a makarantun Yobe 'ya'yan Musulmi ne, don su suka fi yawa. Zai kuma ga cewa akwai wuraren da aka nemi Kirista musamman saboda addininsa. Faɗin ɗaya ba ya soke ɗaya, kuma wanda ya ɓoye ko wanne daga ciki bai yi wa tarihi adalci ba.

DAPCHI DA HANYAR MAIDUGURI

Da aka fara cewa ƙura ta lafa, sai ga Dapchi. Ranar 19 ga Fabrairu, 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kimiyya da fasaha ta 'yan mata da ke can. Biyar sun rasu a hannun waɗanda suka sace su. Ranar 21 ga Maris aka dawo da fiye da 100, aka riƙe guda ɗaya, Leah Sharibu, mai shekara 14 a lokacin. Ƙawayenta da aka sako su ne suka ba da labarin cewa an ce ta bar addininta a sake ta, ta ƙi. Ita 'yar jihar nan ce, a makarantar kwana take kamar kowace yarinya. Ƙawayenta Musulmi da iyayensu suna cikin waɗanda suka riƙa kiran a dawo da ita. Mu da muka san ayar da ta hana tilasta wa mutum addini, babu abin da za mu ce illa an zalunce ta.

Jami'ar Maiduguri ba ta rufe ƙofarta ba duk tsawon rikicin, ko da bam ya tashi a masallacinta ranar 16 ga Janairu, 2017 ya kashe Farfesa Aliyu Mani. Amma hanyar zuwa can ta zama abin fargaba, musamman tsakanin Damaturu da Maiduguri. A Janairun 2020 aka tare wani ɗalibin jami'ar ɗan jihar Filato yana komawa daga hutun Kirsimeti, daga baya aka fitar da bidiyon kashe shi. Mai zuwa daga Jos ta garin nan yake bi, saboda haka Potiskum na cikin wurare na ƙarshe da irin waɗannan yara suke tsayawa su huta kafin su shiga wannan yanki na hanya.

RANAR DA NAMU SUKA ZAMA BAƘI

Wannan abu bai tsaya a Najeriya ba. Ranar 2 ga Afrilu, 2015 'yan al-Shabab suka kashe mutum 148 a Jami'ar Garissa ta Kenya, inda suka riƙa ware ɗalibai Kiristoci, waɗanda da yawansu daga wasu sassan ƙasar suka je karatu. A Fabrairun 2022 yaƙi ya rutsa da dubban ɗaliban Najeriya a Yukren. Waɗanda ke birnin Sumy sun yi kusan mako biyu a maɓoyar ƙarƙashin ƙasa kafin a buɗe musu hanya, wasu kuma aka tsayar da su a kan iyaka cikin sanyi saboda launin fatarsu.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Sudan. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, ana cikin azumi, faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. 'Ya'yanmu na Yobe da Kano da Jigawa da Borno da ke karatun likitanci da Larabci da shari'a suka maƙale babu ruwa babu wuta. An kwashe su a motocin bas zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin a bar su su shiga. Jirgin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, wasu kuma aka biyo da su ta Port Sudan, jimilla fiye da mutum 2,000. A waɗannan makonni iyaye a garin nan sun kwana riƙe da waya, suna addu'ar Allah Ya haɗa ɗansu da mutumin kirki da zai ba shi ruwa, ya nuna masa hanya, ba tare da ya tambaye shi ƙabilarsa ba. Addu'ar da uwa a Pankshin ta yi ke nan a 2013, lokacin da wayar ɗanta a Potiskum ta daina shiga.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Musulmin farko da suka yi hijira, wajen shekara ta 615, Habasha suka nufa, wurin Najjashi, sarki Kirista. Da Ƙuraishawa suka aiko da kyaututtuka don a mayar musu da su, ya saurari Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, ya ƙi miƙa su. Wannan labari kowane ɗan Islamiyya ya san shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Alhamdulillahi, yau kasuwa tana ci, makarantu sun buɗe, masu hidimar ƙasa sun dawo. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin babban taronta a Oktoban 2021. Amma takarda ba ta gadin ɗakin kwanan ɗalibai, kuma har yanzu akwai iyaye a Filato da Binuwai da idan sunan Yobe ya fito wa ɗansu sai su ce a sake nema. Asarar wannan a kanmu take: ɗakunan haya, cinikin kasuwa, malaman da ajujuwan 'ya'yanmu suke buƙata, da kuma yaro ɗan Potiskum da zai gama sakandare bai taɓa zama benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, sai abin da ya ji a waya.

Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Zai gama karatunsa ya tafi, abin da zai tafi da shi shi ne labarinmu. Saboda haka muna kira ga mambobinmu masu gidajen haya su san ɗaliban da ke gidajensu, su karɓi lambar iyayensu, su ba iyayen tasu. Direbobinmu da shugabannin tasha su riƙa gaya wa ɗalibi gaskiyar halin hanya da lokacin da ya dace ya tashi, ko da hakan zai sa a rasa fasinja. Masu unguwanni su san shugabannin zumuntar ɗalibai kamar yadda suka san na MSS, don idan wani abu ya taso a san wanda za a kira. Idan jita-jita ta tashi a kan wani ɗalibi, a kai maganar ga hukumar makaranta da jami'an tsaro, kada a bar ta a hannun taron jama'a. Duk wannan aikin fatoma ne, kuma mun gaje shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a kara da Mamudo da Gujba da Buni Yadi da makarantar kimiyya. Muna miƙa ta'aziyya ga iyalan maƙwabtanmu Kiristoci da suka rasa nasu. Allah Ya kuɓutar da Leah Sharibu da duk wanda ke tsare, Ya tsare 'ya'yanmu da ke karatu a ƙasashen mutane da 'ya'yan mutane da ke karatu a garinmu, Ya zaunar da Potiskum da jihar Yobe da Najeriya lafiya. Amin.

Daga ofishin Sakataren Ƙungiya,
Kasuwar Shanu, Potiskum.